Yadda ake auna yawan cutar bakkale a garken shanu da ɓaunar gida

Duk shekara sai na ga ɗalibai ko sababbin ma'aikatan dabbobi sun fita da kula da kwalaben jini, sun yi mako biyu a daji, sun dawo da lissafin da ba zai amfani kowa ba. Jinin sun iya ɗiba. Abin da ke kayar da su shi ne wace saniya suka ɗiba, da halin da jinin ya shiga tsakanin ruga da ɗakin gwaji. Ba zan tsaya koya wa kowa kama saniya ko neman jijiyar wuya ba. Wanda bai iya wannan ba bai kai ga wannan aikin ba tukuna.

Bakkale ita ce cutar da likitoci ke kira burusela, sunan da ya samo asali daga David Bruce, likitan sojan Birtaniya da ya gano ƙwayar a tsibirin Malta a 1887. Nau'in da ya fi kama shanu kuwa Bernhard Bang ne ya gano shi a Denmak a 1897. Makiyayi ya san ta da ɓari a watannin ƙarshe na ciki, da maƙalewar mabiyiya, da kumburin gwiwa mai ruwa, da kumburin 'ya'yan maraina a bijimi. Wahalar ita ce saniya takan yi ɓari sau ɗaya, daga nan ta ci gaba da haihuwa lafiya lau, alhali tana zubar da ƙwayar cutar duk haihuwa, tana kuma fitar da ita a madara. Shi ya sa ido ba ya ƙirga ta. Sai jini ko madara.

Mataki na farko: ka san tambayar da kake yi

Tambaya biyu ce, kuma mutane na cakuɗa su. Akwai "garke nawa ne cutar ta shiga", akwai "saniya nawa ce ke ɗauke da ita". Wani babban bincike da aka wallafa a 2012, wanda ya shafi shanu 4,745 a garke 271 a jihohin Adamawa da Kaduna da Kano, ya sami cutar a sama da kashi uku cikin huɗu na garkunan, amma a ɗaiɗaikun shanun kusan ɗaya cikin huɗu ce. Ka ga lamba biyu daga aiki ɗaya, kowace da abin da take faɗa. Ka rubuta a takarda tun kafin ka fita cewa duka biyun kake nema, ka kuma shata iyakar wurin: ƙaramar hukuma ɗaya, ko wurin kiwo ɗaya irin na Ladduga da ke Kachiya, ko gonakin madara da ke kewayen birni ɗaya. Kada ka ce "Arewa".

Kuma ka rabu da mayanka. Na san me ya sa ake son ta: jini na kwarara kyauta, ba Arɗon da za ka roƙa, a safiya ɗaya sai ka cika kwalba ɗari. Amma saniyar da aka yanka a Kano ko a Ibadan wataƙila daga Chadi ko Nijar ko Kamaru ta fito, ta biyo ta Maigatari ko Mubi ko Potiskum. Sannan makiyayi ba ya kai zaɓaɓɓiyar saniyarsa kara. Wadda ta yi ɓari ko ta daina ɗaukar ciki ita yake sayarwa. Lissafin mayanka lissafin shanun da aka gaji da su ne. Yana da amfaninsa idan mahauta kake son karewa, amma kada ka laƙa masa sunan jiha.

Mataki na biyu: garke nawa, saniya nawa

Lambar da kowane ɗalibi ya haddace ita ce 384. Tana fitowa ne idan ka ɗauka rabin shanun na da cutar, kana kuma son kuskurenka kada ya wuce kashi 5. To amma wannan lissafin na wanda zai tsinci shanu ɗaya-ɗaya ne daga ko'ina, kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Shanun garke ɗaya tare suke kwana, tare suke lasar ɗan tayin da aka zubar, saboda haka saniya ta goma a garke ba ta gaya maka sabon abu kamar yadda ta farko a wani garken za ta gaya maka. Ni dai ninka lambar nake yi, in nufi wajen 750 zuwa 800. Gara garke 50 da shanu 15 kowanne, da garke 8 da shanu ɗari-ɗari. Na biyun ya fi arha a man babur, shi ya sa ake yin sa, amma kuɗin gwajin ne kake zubarwa a rariya.

Idan manyan shanun garke ba su wuce 20 ba, ɗebi duka. A babban garke, idan kana son ka kama aƙalla ɗaya a inda saniya 1 cikin 10 ke ɗauke da cutar, kana buƙatar wajen 29. Maruƙa ka bar su. Wanda bai kai shekara ɗaya ba, yana iya nuna kariyar da ya sha a dakashin uwarsa, karsanar da aka haifa da cutar kuma tana iya ɓoye ta har sai ta ɗauki cikin fari. Ni daga shekara biyu nake farawa, kuma ba na tsallake bijimin garke ko da zai ci mana rabin sa'a kafin a kayar da shi.

Lokaci ma wani abu ne. Da rani ƙarfafan shanu sun tafi neman ciyawa da ruwa, a gida sai 'yan tatsa da tsofaffi da marasa lafiya. Ka je da damina ko da kaka, lokacin da garke ya haɗu, ka kuma iso da sassafe ana tatsa. Idan hantsi ya ɗaga aka saki shanu, ka yi asarar ranar.

Mataki na uku: kada mai shanu ya zaɓar maka

Ka fara da Arɗo, kwana biyu ko uku kafin ranar aiki, ka je ba da allura ba. Kada ka tambayi kowa yawan shanunsa; tun zamanin jangali wannan tambayar ba ta samun amsar gaskiya, kuma ita kaɗai na iya rufe maka ruga. Ka tanadi maganin tsutsa ko na kaska na kyautatawa, ka sa shi a kasafinka tun farko, don ba za ka tsira daga shi ba.

Ga abin da zai faru ranar. Mai garke zai ce, "Likita, ga waɗannan, su ne ba su da lafiya." Ya jawo maka mai kumburin gwiwa da wadda ta yi ɓari bara, don yana ganin magani ya zo. Wani kuma akasin haka zai yi, ya ɓoye masu ciki da masu ba da madara don kada a rage musu jini, ya turo maka tsofaffi. Na farko zai kumbura maka lamba, na biyu zai karkatar da ita. Abin da nake yi shi ne in ce, "Baffa, faɗa mini sunayen manyan, ɗaya bayan ɗaya." Makiyayi ba ya ƙin kiran sunan saniyarsa. Ina rubuta kowane suna a guntun takarda, in naɗe, in zuba a hula, in miƙa wa ƙaramin yaron gidan ya ciro. Wadda ta fito ita ce, ko mai tunkuyi ce. Marasa lafiyan da ya nuna mini kuwa ina ɗibar jininsu don a rabu lafiya, amma kwalabensu daban, kuma ba sa shiga lissafi. Sunayen sukan maimaitu, don da launi ake raɗa da yawa daga ciki, saboda haka duk wadda aka ɗiba a shafa mata fenti a ƙaho, a rubuta lambarta da sunan uwarta.

Tambaya ɗaya da ba a mantawa: an taɓa yi wa garken nan allurar rigakafin bakkale? Rigakafin S19, wanda cibiyar binciken dabbobi ta Vom ke yi, yana sa jini ya nuna kamar akwai cuta, musamman idan an yi wa babbar saniya. A ruga da wuya ka tarar an yi, amma a gonakin madara yana faruwa. Ka kuma rubuta ko akwai tumaki da awaki a wurin, domin nau'in cutar da ke kama su yana tsallakawa shanu, gwajin jini kuma ba ya bambance su.

Mataki na huɗu: daga wuyan saniya zuwa firij

Nan ne na taɓa shan kashi, shi ya sa zan daɗe a kai. Wata shekara mun ɗebi jinin shanu fiye da ɗari a wuni ɗaya, aikin da na yi alfahari da shi. Muka tsayar da kwalaben a kula, muka zuba musu ƙanƙarar leda da muka sayo a bakin tasha, muka ɗaure kular a bayan babur, muka bi hanyar burji mai gargada wajen sa'a biyu. Da muka buɗe da daddare, ƙanƙarar ta narke, kwalaben na iyo. Lambobin da muka rubuta da maka sun wanke, wasu ba ka bambance 17 da 71. Ruwan jinin da ya kamata ya taso rawaya garai kamar man gyaɗa sai ya fito ja kamar zoɓo. Jajayen ƙwayoyin sun fashe. Maganin gwajin da za a haɗa shi da shi ma ruwan hoda ne, to ja a kan ja me za ka gani? Fiye da rabi muka zubar, kuma ban iya komawa wurin Arɗon nan in ce a sake kayar da shanu ba.

Ga yadda nake yi tun daga ranar. Kwalba mai jan murfi, wadda ba komai a cikinta. Mai murfi shunayya tana hana jini daskarewa, ba ta wannan aikin ba ce. Mililita 5 zuwa 10 ya isa. Allura ɗaya saniya ɗaya, ba ciniki. Idan da sirinji ka ja, cire allurar kafin ka juye, ka bar jinin ya gangara a hankali ta jikin kwalba. Matsa shi da ƙarfi ta bakin allura na fasa ƙwayoyin. Lamba kuma a rubuta ta kafin a kama saniyar, da fensir a kan farar filasta, sannan a naɗe da salatif. Fensir ba ya jin ruwa. Mutum ɗaya aikinsa rubutu kawai, ba ya taɓa igiya, ba ya taɓa allura, kuma shi zai faɗi lambar da ƙarfi mai ɗiba ya maimaita.

Kada ka sa jini a sanyi nan take. Ka jingine kwalaben a karkace a inuwa, sa'a ɗaya zuwa biyu, har jinin ya daskare ya fara sakin ruwansa. Guntun soson katifa da aka huda ramuka shi ne mafi arhar mazauni, kuma shi ke shanye girgizar hanya. Sai bayan nan su shiga kula, a kan kwali ko tsumma, kada kwalba ta taɓa ƙanƙara. Robar ruwa da aka daskarar ta fi ƙanƙarar leda, don ba ta jiƙa komai. Idan babur ne dole, kular a cinyar na baya za ta zauna, ba a kariya ba.

Kuma kada ka jefa cikakken jini a firiza. Na ga wanda ya yi haka don yana tsoron a ɗauke wuta cikin dare. Da safe duk ya zama zoɓo. A raba ruwan da gudan jinin cikin sa'a 24. Idan akwai injin juya jini, minti goma ya isa. Idan babu, ka bar su su kwana a firij a tsaye, da safe ka tsotse ruwan saman a hankali zuwa ƙananan robobi, kowace da lambarta. Wannan ruwan shi ake daskararwa, kuma zai yi watanni. Ka raba shi gida biyu, ɗaya na gwajin farko ɗaya na tabbatarwa, domin narkarwa da sake daskararwa na lalata shi.

Safar hannu a kowane mataki. Cutar na kama mutum, tana zuwa da zazzaɓi mai tafiya yana dawowa, da gumin dare, da ciwon gaɓoɓi, a yi ta ba ka maganin maleriya da na taifot a banza, alhali maganinta na gaskiya sai an sha haɗin ƙwayoyi na mako shida. Ɗan tayin da aka zubar da ruwan gwiwar da ta kumbura cike suke da ƙwayar. Kada ka farke su don son sani. Noman ƙwayar, wato rainon ta don a gane ta, aikin ɗakin gwaji ne mai tsaro na musamman.

Mataki na biyar: gwajin Rose Bengal

Farin tayil mai tsabta, tsinken sakace, da agogo. Ka fito da maganin gwajin, wato Rose Bengal mai ruwan hodan nan, da ruwan jinin daga firij su huce su yi ɗumin ɗaki, wajen rabin sa'a zuwa sa'a, ka girgiza kwalbar maganin. Maikurolita 30 na ruwan jini, wato ɗan ɗigo ɗaya, 30 na magani a gefensa, ka gauraya da tsinke su yi da'ira kamar faɗin kwabo, ka riƙa karkata tayil ɗin a hankali minti 4 cif. Idan ka ga gudaji, ko ƙanana ne kamar tsaki, akwai. Kowace rana ka fara da jinin da aka san yana da cutar da wanda aka san ba shi da ita. Idan waɗannan biyun ba su fito daidai ba, kada ka ci gaba. Kashe fanka. Da hunturu gefen ɗigon na bushewa kafin minti huɗun ya cika, sabon shiga ya ga ɓawon bushewa ya rubuta cuta. Ni ba na wuce takwas a kan tayil ɗaya. Maganin nan kuma ba a daskarar da shi, ka duba ranar ƙarewarsa kafin ka biya, don an taɓa sayar mini da wanda saura mako uku.

Wannan gwajin rariya ce mai tankaɗe, ba hukunci ba. Rigakafi na ruɗa shi, wata ƙwayar hanji mai suna Yasiniya ma na ruɗa shi. Duk jinin da ya nuna a sake shi da ELISA ko CFT, gwaje-gwajen tabbatarwa na ɗakin gwaji. ELISA na da tsada, shi ya sa ake tankaɗewa tukuna a kai masa kaɗan. Saniyar da ta yi ɓari kwanan nan kuma jininta bai nuna ba, a sake ɗiba bayan mako uku.

Hanyar madara, da batun ɓauna

Inda ake tara madara wuri ɗaya akwai gajeriyar hanya, wato gwajin zobe. Ana ɗiga maikurolita 30 na maganin zobe a mililita ɗaya na madarar da ta kwana a firij, a ajiye a ɗumin digiri 37 sa'a ɗaya; shuɗin zobe a saman maiƙon na nufin garken na da cutar. Madarar da aka tafasa ko aka daskarar ba ta yi, kindirmo ma haka. Dakashi da madarar saniya mai ciwon hantsa na ba da ƙarya. Kuma waɗanda ake tatsa kaɗai yake gani, don haka sai an maimaita sau uku ko huɗu a shekara.

Ɓaunar gida ba tamu ba ce. Tamu ta daji ce, irin ta Yankari, ba mai tatsar ta. A Indiya da Pakistan da Masar da kudancin Italiya ne ɓauna ke cikin garken madara, irin su Murrah da Nili-Ravi, kuma gwaje-gwajen nan su ake yi mata. Bambancin da mai aiki zai kula da shi: madararta ta fi ta saniya maiƙo nesa, don haka ELISA ta madara ta fi gwajin zobe kwanciyar hankali, kuma ana lissafa ɓauna daban shanu daban ko da turke ɗaya suke. A Masar nau'in tumaki da awaki ne aka fi samu har a shanu da ɓauna. Indiya kuwa, inda jihohi da yawa suka hana yanka saniya, ba ta iya bin tsarin gwada-ka-yanka da Turai ta bi, sai ta ƙaddamar da shirin ƙasa a 2019 na yi wa 'yan maruƙa mata masu wata 4 zuwa 8 rigakafi. Mai auna cutar a irin wannan wuri dole ya san shekarar da aka yi wa kowace dabba allura, in ba haka ba rigakafin zai ƙirga.

Lissafi da komawa

Misali ka gwada shanu 600 a garke 40, 72 suka nuna a gwajin farko, 54 suka tabbata. Lambarka 54 cikin 600 ce, kashi 9, ba 72 ba. Idan garke 22 ne ke da aƙalla ɗaya, kashi 55 ke nan. Ka kawo biyun tare, ka raba su ta shekaru da jinsi da irin kiwo, ka ba mai ilimin ƙididdiga ya fitar maka da tazarar kuskure yana sane da cewa garke-garke ka ɗiba. Bibiya kuma ba zuwa ɗaya ba ce: shekara mai zuwa ka koma a wata ɗaya, da iyakar shekaru ɗaya, da gwaji iri ɗaya, ka sake jefa ƙuri'a. Idan ka canza ɗaya daga ciki ba za ka san ko cutar ce ta ragu ko hanyarka ce ta canza ba.

Ka kai wa hukumar dabbobi ta jiha rahoto, ka kuma koma ruga da sakamako, da bakinka, ba a gaban jama'a ba. Ka gaya wa mai garke allurar da yake saya a kasuwa ba ta warkar da bakkale, a ware saniyar idan za ta haihu, a binne mabiyiya da ɗan tayi da zurfi inda kare ba zai tono ba, a daina tsaga kumburin gwiwa da wuƙa a tsakiyar garke, matan gida su tafasa madara kafin a sha ko a kwantar. Zai tambaye ka ko ya sayar da ita. Ka ce wa mahauci, ba wa mai neman ta kiwo ba, kuma ka rubuta ranar da ta bar garken, don shekara mai zuwa za ka neme ta a takardarka.